Tarihin aikatau *get*: yadda baƙuwa ta zama uwargida a harshen Ingilishi

Duk wanda ya taɓa juya rubutun Ingilishi zuwa Hausa ya san ƙaramar kalmar nan mai harafi uku, wato *get*. A wannan jimla tana nufin samu, a waccan isa wani wuri, a wata kuma zama, ko ganewa, ko tilas. Binciken da aka yi a kan tarin rubuce-rubucen Ingilishi na Oxford ya ajiye ta a matsayi na biyar cikin aikatau da aka fi amfani da su, bayan *be* da *have* da *do* da *say*. Ɗalibi yakan ɗauka cewa ma'anoninta tarkace ne marasa tsari, sai dai a haddace su ɗaya bayan ɗaya. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba. Ma'anonin ba rana ɗaya suka zo ba, kowace wata ce ta haife ta, a cikin shekaru kusan 800 da kalmar ta yi tana bayyana a rubuce. Wanda ya san yadda aka yi wannan haihuwa bi da bi zai san kalmar Hausar da ta dace da kowane wuri, ya kuma huta da cusa "samu" a inda ba muhallinta ba ne.

Saiwar kalmar

Masana tarihin harsuna suna mayar da *get* zuwa wata tsohuwar saiwa ta dangin harsunan Indiya da Turai, mai ma'anar kamawa ko damƙewa da hannu. Saiwar ce ta ba Latin aikatau *prehendere*, wanda daga gare shi Faransanci ya sami *prendre* da *apprendre* da *comprendre*, wato ɗauka da koyo da fahimta. Ɗalibin da ya yi makarantarsa a Nijar ko Kamaru ko Chadi ya daɗe da sanin 'yan'uwan *get* ta wannan ɓangare, ko da bai san da zumuncin ba.

Tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin wajen shekarar 1100, ya gaji saiwar, amma bai cika amfani da ita tsirara ba. Sai da ɗafa-goshi take fitowa: *begietan* na nufin samu ko mallaka, *forgietan* na nufin mantuwa, *ongietan* kuma ganewa. Biyu na farko suna raye har yau a *beget* da *forget*, Jamusanci kuma yana da ɗan'uwan na biyu a *vergessen*. Na ukun ya mutu tun a tsakiyar zamanai.

Da daga wannan gida *get* ta fito kai tsaye, da ba haka ake furta ta ba. A Tsohon Ingilishi, baƙin /g/ yakan koma /y/ idan wasalin /i/ ko /e/ ya biyo shi. Ɗalibin Hausa ya san irin wannan sauyi da sunan ganɗantawa, shi ne ya mayar da mota motoci, ƙasa ƙasashe, ɓarawo ɓarayi. Ta wannan hanya ce Ingilishi ya sami *yellow* da *yield*, waɗanda a dā da harafin g ake rubuta su. Hatta Geoffrey Chaucer, mawaƙin Landan da ya rasu a 1400, da /y/ yake rubuta kalmomin da yau suka zama *forget* da *give*. Ashe ke nan baƙin /g/ mai ƙarfi da ke farkon *get* shaida ce cewa kalmar daga wani bakin ta shigo.

Baƙi daga teku

A shekarar 793 wasu mahara daga Arewacin Turai, waɗanda ake kira Vikings, suka sauko daga jiragen ruwa suka washe gidan ibadar Kirista da ke tsibirin Lindisfarne a arewa maso gabashin Ingila. Shekaru da dama aka yi ana irin wannan hari na a kwasa a koma. A 865 al'amarin ya sauya, babbar runduna ta 'yan Danmak ta sauka da niyyar zama, a 866 kuma ta ci birnin York. Sarki Alfred na Wessex ya karya su a yaƙin Edington a 878, daga baya aka ƙulla yarjejeniyar da ta raba ƙasar. Gabas da arewa suka zama yankin da aka riƙa bin dokar 'yan Danmak, wanda tarihi ya sani da Danelaw. Sarakunan baƙin sun riƙe York har 954, sannan daga 1016 zuwa 1035 Cnut, ɗan sarkin Danmak, ya mulki Ingila baki ɗaya.

Mayaƙan sun ajiye takobi sun kama noma da fatauci, sun yi auratayya da mutanen ƙasa. Sunayen garuruwa irin su Derby da Grimsby da Whitby da Scunthorpe duk daga harshensu ne, wanda masana ke kira Tsohon Nos. Harshen nan ɗan'uwan Tsohon Ingilishi ne na kusa, saiwoyin kalmomi da yawa iri ɗaya ne, bambancin yana ga furuci da ɗafa-ƙeya. Shi ya sa aron da aka yi bai tsaya ga sunayen baƙin kayayyaki ba, kamar yadda aka saba gani tsakanin harsunan da ba su da dangantaka. Ya shiga har cikin ɗaki. Ingilishi ya ari *take* da *call* da *egg* da *sky* da *skin* da *window*, ya ma ari wakilan suna *they* da *them* da *their*, abin da ba kasafai harshe ke yi ba. Zama da maɗaukin kanwa, in ji Hausawa, shi ke kawo farin kai.

A cikin wannan kaya *geta* ta shigo. A Tsohon Nos ba ta bukatar ɗafa-goshi, kuma ba a ganɗanta baƙinta ba. Tana nufin samu, da haifa, da cinta ko hasashe, idan kuma ta haɗu da wani aikatau tana nufin iyawa. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce ta yi ƙarfi a harshen mutanen Aisland, inda har yau *ég get* ke nufin "ina iyawa". Bahaushe ya ce samu ya fi iyawa, su kuwa kalma ɗaya ce ta ɗauke musu duka biyun.

Abin lura shi ne kalmar ba ta bayyana a rubutun Ingilishi ba sai wajen shekarar 1200, fiye da shekara 300 bayan saukar rundunar. Dalili kuwa shi ne rubutun wancan zamani yana hannun malaman kudu, masu bin karin harshen Wessex, wanda ya zama tamkar daidaitaccen Ingilishi. Abin da manoman arewa ke faɗa a kasuwa bai kai ga alƙalaminsu ba. Da Normandawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci da Latin suka karɓe fada da kotu da coci, tsohon ma'aunin rubutu ya rushe. Lokacin da aka koma rubuta Ingilishi, kowa da karin garinsu ya rubuta, kalmomin da suka daɗe a baki suka fito fili. Daga arewa suka gangaro Landan sannu a hankali. William Caxton, wanda ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, ya ba da labari a 1490 na wani ɗan kasuwa da ya nemi ƙwai da kalmar arewa a wajen wata mata a kudu, ta ce ita ba ta jin Faransanci. A ƙarshe kalmar arewa ce ta ci, a ƙwai da *give* da *get* duka, har *forget* da *beget* suka koma furucin baƙi.

Yadda ma'ana ta haifi ma'ana

Ma'anar farko ita ce samun abu, musamman da ƙoƙari: a sami dukiya, a sami nasara, a sami ɗa. Nan ne kawai "samu" ta Hausa ta dace da ita ba gyara. *He got a letter*, ya sami wasiƙa. Daga samu da ƙoƙari aka faɗaɗa zuwa samun abin da ba a nema ba, kamar ciwo ko hukunci, da kuma zuwa a ɗauko ko a sayo.

Mataki na biyu ya zo da wuri, tun wajen ƙarni na 14. Wanda ya sami wuri ya isa wurin ke nan, saboda haka *get* ta zama aikatau na motsi. *She got home* na nufin ta isa gida. Daga nan ne aka sami ɗimbin haɗe-haɗen da ke wahalar da mai koyo: *get up* tashi, *get in* shiga, *get out* fita, *get down* sauka, *get away* tsira ko kuɓuta. A kowane ɗayansu ƙaramar kalmar da ke biye ita ce ke nuna alkibla, *get* kuwa tana nuna cewa an kai ga wurin. Hausa tana da aikatau na musamman ga kowane, don haka ba ta bukatar irin wannan gini.

Mataki na uku ya bayyana sosai a ƙarshen ƙarni na 16, zamanin Shakespeare. Idan ana iya isa wuri, ana iya isa wani hali. Sai *get* ta fara ɗaukar sifa tana nufin zama ko komawa: *he got tired*, *it got dark*, *they got rich*. A nan ma Hausa ba ta cewa ya sami gajiya. Cewa take yi ya gaji, duhu ya yi, sun yi arziki. Inda kawai hanyoyin biyu suka haɗu shi ne irin su "ya sami sauƙi", wadda ta yi daidai da *he got better*, amma wannan dacewa ce, ba ƙa'ida ba.

A wannan zamani ne kuma *have got* ta fara nufin mallaka. Hujjar a fili take: abin da mutum ya riga ya samu yana hannunsa. Siffar jimlar ta shuɗaɗɗen lokaci ce, ma'anarta kuwa ta yanzu. *I have got a brother* na nufin ina da ɗan'uwa, ba wai na samo shi daga wani wuri ba. Daga wannan mallaka, a ƙarni na 19, aka sami *have got to* mai nufin tilas, bisa misalin *have to* da ta riga ta. *I have got to go*, dole in tafi.

Mataki na gaba ya fara a tsakiyar ƙarni na 17, ya bunƙasa a ƙarni na 19 da na 20. Tun da *get* tana ɗaukar sifa, ta iya ɗaukar siffar aikatau mai kama da sifa, ta zama hanyar gina jimlar da karɓau ke gaba: *he got caught*, *she got promoted*. Ingilishi yana da *be* don wannan aiki tun da daɗewa, amma akwai bambanci. *He was arrested* labari ne kawai, an kama shi. *He got arrested* tana nuna aukuwa ce da ta sauya halinsa, sau da yawa marar daɗi, wani lokaci ma da hannunsa a ciki. Hausa za ta iya nuna wannan da "ya shiga hannu" ko "ya ja wa kansa kamu". Kusa da wannan akwai ginin sa wani aiki: *I got the car repaired*, na sa an gyara motar, *she got him to sign*, ta shawo kansa ya sa hannu.

A ƙarshen ƙarni na 19, musamman a bakin Amurkawa, *get* ta kai ga ganewa. *I get it*, na gane. Wannan ita ce ma'anar da *ongietan* ta mutu da ita ɗaruruwan shekaru kafin nan, ita ce kuma Latin ya kai gare ta a kalmar da ta zama *comprendre*. Sau uku ke nan saiwa ɗaya tana tashi daga kamun hannu zuwa kamun hankali. Bahaushe ma da ya ce yaro yana da saurin ɗaukar karatu, hanyar da ya bi ke nan.

Got da gotten

A zamanin da Ingilawa suka fara kafa matsugunai a Amurka, Jamestown a 1607 da Plymouth a 1620, siffofi biyu suna tafiya tare, *got* da *gotten*. A Ingila *gotten* ta yi ta ja da baya, har ta rage a tsofaffin maganganu irin su *ill-gotten*, da cikin *forgotten* da *begotten*. A Amurka ta zauna, aka kuma raba musu aiki. *He has gotten a car* na nufin ya sami mota, *he has got a car* na nufin yana da mota. Mutanen Birtaniya da dama suna ɗaukar *gotten* a matsayin ƙirƙirar Amurkawa, alhali kayan kakanninsu ne da aka haye teku da shi aka adana. Akwai kuma tsohuwar siffar shuɗaɗɗen lokaci *gat*, wadda sawunta ya rage a *begat* da ke cikin jerin nasaba na fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611.

Yaƙin malaman nahawu

Yawan aikin da kalmar ke yi bai ƙara mata daraja a idon masu ilimi ba. Tun bayan 1066 Ingilishi ya cika da kalmomin Faransanci da Latin masu ma'anoni makusanta: *receive* da *obtain* da *acquire* da *arrive* da *comprehend*. Su ne na kotu da makaranta da wasiƙar hukuma, *get* kuwa ta gida ce da kasuwa. Mai nazarin Hausa ya san irin wannan rabo tsakanin "gane" da "fahimta", inda ta biyun, wadda aka aro daga Larabci, ta fi ƙamshin malanta.

Samuel Johnson, a ƙamus ɗinsa na 1755, ya lura cewa *has got* ba koyaushe take nufin an samo abu ba, takan nufi mallaka kawai. Ya bayyana abin da ya ji mutane na faɗa ne. Waɗanda suka biyo baya sun fi shi zafi. Richard Grant White, marubucin Amurka, a littafinsa na 1870 kan kalmomi da amfaninsu, ya soki wannan amfani da ƙarfi, yana ganin *got* ba ta da hurumin nuna mallaka tun da *have* ta wadatar. Daga irin waɗannan littattafai ra'ayin ya shiga azuzuwa, malamai suka riƙa jan layi a ƙarƙashin kowace *got* a insha'in yara, kuma da wannan ɗabi'a aka kai Ingilishi makarantun ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka.

Hanin bai yi tasiri a baki ba. Lokacin da C. K. Ogden ya tsara sauƙaƙaƙƙen Ingilishinsa mai kalmomi 850 a 1930, aikatau 18 kacal ya zaɓa, *get* tana cikinsu, domin da ita da 'yan ƙananan kalmomin alkibla ana iya maye gurbin aikatau masu yawa. Babban littafin nahawu na Longman da aka buga a 1999, wanda aka gina kan ƙidayar ainihin maganar mutane, ya nuna cewa a hirar baka babu aikatau mai cikakkiyar ma'ana da ya kai ta yawa, amma a rubutun ilimi ba ta cika fitowa ba. Abin da malaman suka cimma ke nan: sun raba mata fili, ba su kore ta ba.

Inda ta kai a bakin wasu al'ummu

Jiragen fatauci da mulkin mallaka sun kai kalmar gaɓar Afirka ta Yamma da tsibiran tekun Pasifik, can ma ta ci gaba da haihuwa. A Turancin Buroka na Nijeriya, *get* ita ce ainihin kalmar mallaka: *I get moto*, ina da mota. Ta kuma ƙara taki ɗaya da Ingilishin Ingila bai yi ba, ta zama kalmar nuna samuwa: *e get one man*, akwai wani mutum. Haka abin yake a Tok Pisin na ƙasar Papua New Guinea, inda *mi gat* ke nufin ina da, *i gat* kuma akwai, haka kuma *got* take a Ingilishin titi na Singafo. Wannan haɗuwa ta mallaka da samuwa a kalma ɗaya ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa, wanda ke cewa "yana da ruwa" ya kuma tambaya "da ruwa a randa?" da "da" guda ɗaya.

Abin da ɗalibi zai riƙe

Idan aka ci karo da *get*, abin da ke bayanta shi ne mabuɗi, domin kowane gini yana nuna matakin tarihin da ya fito. Idan suna ne ke biye, ana maganar samu ko karɓa ko ɗaukowa ko saye. Idan wuri ne ko kalmar alkibla, ana maganar isa ko shiga ko fita ko tashi. Idan sifa ce, a nemi aikatau na Hausa mai nuna sauyin hali, kamar gaji da tsufa da warke, ko a yi amfani da "yi" da "zama". Idan siffar aikatau ce irin ta *caught*, a yi amfani da "an" ko da siffa irin ta "kamu". Idan mutum ne ke biye sannan wani aiki, ana nufin sawa. *Have got* mallaka ce, *have got to* tilas ce.

Haka kuma a yi hattara idan aka juyo daga Hausa, domin "samu" ma tana da nata 'ya'yan da *get* ba ta san su ba. "Na same shi a gida" tararwa ce, "me ya same ka?" tambaya ce kan abin da ya auku, "abinci ya samu" kuwa yana nufin ya kammala ko ya wadata. Kalmomin biyu sun tashi daga wuri ɗaya, wato abu ya shiga hannun mutum, amma kowace ta bi hanyar da masu harshenta suka kora ta. Aikin mai fassara shi ne ya san inda hanyoyin suka haɗu da inda suka rabu, ya ba kowace jimla kalmar da Bahaushe zai faɗa da bakinsa.